Gangunan da Muka Binne a Bayan Marina

Jiniyar masaƙa ce agogon gidanmu tun ina yaro. Kafin ta yi kukan asuba mahaifina ya riga ya ɗaura takalmi, idan ta sake yi da rana kuwa mun san saura kaɗan ya shigo, gashin kansa da girarsa sun yi fari fat da ƙurar auduga, kamar wanda ya tsufa a yini guda. Ba ya jin magana sai an ɗaga murya. Amma in yana kallon bakinka, ko raɗa ka yi daga nesa zai gane abin da ka ce. Na daɗe ina ɗauka wata baiwa ce Allah ya ba shi shi kaɗai, sai ranar da na shiga ɗakin saƙa na tarar kowa haka yake. Ɗaruruwan injina masu ƙoshiya ne ke bugawa lokaci ɗaya, ƙararsu takan kai desibel 100, alhali daga 85 kunne ke fara lalacewa in mutum yana yini a ciki kullum. Ba mai jin wani, saboda haka da leɓe ake hira, da leɓe ake faɗa, da leɓe ake sanar da mutum an yi masa haihuwa.

Ina da shekara 18 ya kai ni. Da tsintsiya na fara, ina kwashe ƙurar da ke taruwa a ƙarƙashin injina. Bayan shekara biyu aka ba ni injina huɗu a layi na bakwai, daga baya wani tsohon makanike ya lura hannuna na son sifana, ya roƙa aka mayar da ni sashen gyara. A nan na san masaƙar ciki da bai. Na san ramukan iska da ke bi ta ƙarƙashin daɓe, waɗanda ke kawo danshi don kada zare ya bushe ya riƙa tsinkewa, na sha rarrafe a cikinsu da tocila a baki. Na san ƙaton tankin ruwa da ke binne kusa da marina, da bututun tururi da aka naɗe da wani farin abu mai laushi, wanda muke ɓamɓarewa da hannu ba ko ƙyalle a hanci. Mun fi mutum dubu biyu a lokacin, an raba mu kashi uku, dare da rana injin ba ya hutawa. Da albashin wurin na yi aure, na haifi 'ya'ya huɗu, kuma ban taɓa kawo wa raina cewa get ɗin nan zai iya rufuwa ba.

Akwai wani dare da dole in faɗa tun yanzu, domin shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Ina aikin dare shugaban sashenmu ya kira mu, mu biyar. A bayan marina ganguna sun taru, wasu cike da lakar da ake kwasowa daga kududdufin ruwan rini, wasu da ragowar soda mai ƙuna, wasu da dattin baƙin man da tukunyar tururi ke sha. Kai su inda ake zubar da irin wannan guba kuɗi ne, kamfani kuma ya fara kukan babu. Tun da yamma katafila ta haƙa rami. Aikinmu kawai mu mirgina su ciki. Ina tuna wata ganga da ta fashe a bakin ramin, abin da ke ciki ya malalo, shuɗi mai duhu, yana ƙyalli a hasken fitila, warinsa ya shaƙe mini maƙogwaro. Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba zai gangara cikin ruwa ba?" Ya ce, "Kai dai mirgina, ba a tambaye ka ba." Na mirgina. Matata na da tsohon ciki a lokacin, kuma ina tsoron takardar sallama fiye da tsoron abin da idona bai gani ba. Kafin gari ya waye an rufe ramin an daddale, aka rubuta mana ƙarin lokaci, kowa ya kama bakinsa. Ko matata ban gaya wa ba.

Masaƙa ba ta mutuwa rana ɗaya. Da farko aka daina sayen kayan gyara, muka koma kwance ƙarfe daga injin da ya tsaya muna ɗaura wa mai rai. Sai aka rufe sashen kaɗi, aiki ya koma kashi biyu, sannan ɗaya. Mu a ciki manajoji muke zargi, kuma suna da nasu laifin, amma daga baya na gane guguwar ta fi ƙarfin katangarmu. A ƙarshen 2001 Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, ranar 1 ga Janairun 2005 kuma aka kawo ƙarshen tsarin kaso da ya taƙaita cinikin yadi da tufafi tsakanin ƙasashe tun 1974. Yadi mai araha ya cika kasuwanni, masaƙu suka riƙa rufewa a ƙasashe da dama, masu tsofaffin injina irin namu su ne a sahun gaba. Wata safiya muka zo muka tarar da sarƙa a get da takarda manne a jiki. Sau uku na karanta ta. Shekarata 43, kuma 25 daga ciki a bayan get ɗin nan na yi su. Haƙƙinmu na sallama an biya wani ɓangare bayan doguwar jeka-ka-dawo, sauran shiru har yau.

Shekarar da ta biyo baya mahaifina ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ƙirji ne. Ya daɗe yana cewa duk ranar da ya koma aiki bayan hutun mako sai ya ji kamar an ɗaure masa ƙirji da igiya, mu kuma muna cewa gajiya ce. Sai da tari ya kama ni ni ma, likita ya tambaye ni ko na taɓa aikin auduga. Ya ce sunan ciwon bisinosis, ƙurar auduga ke kawo shi, kuma alamarsa ta farko ita ce matsewar ƙirji a ranar da mutum ya koma aiki bayan hutu. Na zauna a bencin asibiti da abin shaƙa a hannu, ina tuna mutumin da ya yi shekara 30 yana kwatanta mana ciwonsa dalla-dalla, ba wanda ya gane.

Shekara huɗun da suka biyo baya ba na son tuna su. Wanda jiniya ta saba tashinsa, ranar da ba inda za shi, safiya abokiyar gaba take zame masa. Nakan yi wanka in sa kaya in fita kamar mai zuwa aiki, don kada yara su gan ni zaune. In je inda ake ɗaukar ma'aikata, a dubi shekaruna, a ji tarina, a ce za a neme ni. Gyaran injin da na iya, babu sauran mai amfani da irinsa. Matata ce ta riƙe gidan da keken ɗinki, tana kai tsakar dare a kai, ni kuma maimakon godiya sai na koma mafaɗaci. Ƙarar keken ma haushi take ba ni, don tana tuna mini cewa ita tana da abin yi. Babban ɗana ya ajiye karatu ya kama aikin ƙarfi bai shawarce ni ba, ranar da ya miƙa wa mahaifiyarsa kuɗi a gabana na tashi na shiga ɗaki na turo ƙofa. Duk wanda ke cikin irin wannan hali yanzu, don Allah ya kula da harshensa a gida. Rashin ya wuce, amma akwai maganganun da na yaɓa wa baiwar Allahn nan waɗanda har yau nake neman gafararta a kansu.

Daga ƙarshe waɗanda ginin ya koma hannunsu suka nemi maigadi, saboda masu yankan ƙarfe sun fara cin wurin da dare. Na karɓa. Injinan an riga an kwance su an sayar wa masu narka ƙarfe. Ɗakin saƙa ya zama fili, tattabaru a sama, ruwa na zuba ta fasassun gilasai, ciyawa ta keto daɓe. Shirun ne ya fi damuna. Nakan tsaya tsakiyar ɗakin da dare in ji kunnena na buga ƙarar injinan da babu su. Shekara shida na yi ina zagaya wurin da tocila, kuma duk zagayen da zan yi nakan kauce wa wani fili a bayan marina inda ciyawa ba ta taɓa kama ƙasa sosai ba.

Wata rana motoci suka shigo da sababbin masu wurin. A cikinsu akwai wata yarinya mai hular kwano, sa'ar babbar 'yata, aka ce ita ce mai zanen gini. Na ji suna cewa ba za a rushe ba, za a mayar da masaƙar wurin tarukan 'yan kasuwa da baje koli, a kuma tafiyar da shi ta hanyar da ba za ta cutar da muhalli ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Wurin da ubana ya bar huhunsa, shi za a jera wa kujeru masu kwat su zauna suna tafi? Da ta zo wurina ta gaishe ni da ladabi, ta ce, "Baba, an ce babu wanda ya kai ka sanin ginin nan. Taswirorinsa ruwa ya cinye su. Ko za ka zaga da ni?" Na ce, "'Yata, ni maigadi ne, gadi aka ɗauke ni." Ba ta yi musu ba. Washegari ta dawo, jibi ma ta dawo, a rana ta huɗu na gan ta tana ƙoƙarin ɗaga murfin ramin iska da wani ɗan ƙarfe, na ga za ta ji wa kanta ciwo, na je na karɓa.

Daga nan muka shiga zagaye, ni ina faɗa tana zanawa. A kwamfutarta ta nuna mini wuraren da aka yi wa irin wannan aiki. Akwai masaƙar Salts kusa da Bradford a Ingila, wadda aka buɗe a 1853 aka rufe a 1986, yanzu tana cike da ofisoshi da ɗakunan nuna zane, kuma a 2001 UNESCO ta sa garin da ke kewaye da ita cikin wuraren tarihi na duniya. Akwai masaƙar auduga ta birnin Lodz a Poland da aka sake buɗewa a 2006. Akwai Lingotto a Turin ta Italiya, inda Fiat ya ƙera motoci daga 1923 zuwa 1982, yau a ciki ake manyan taruka da baje koli. Ta nuna mini har da mahaƙar kwal ta Zollverein a Essen ta Jamus, wadda ita ma a 1986 ta tsaya. Na daɗe ina kallon hoton Salts. Ban taɓa sanin cewa akwai wasu mutane a wata ƙasa da suka karanta irin takardar da na karanta a get ba.

Na tambaye ta me ya hana su rushewa su gina sabo, tunda suna da kuɗi. Ta ce siminti kaɗai shi ke fitar da kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa, ga ƙarfe, ga ƙona bulo. Ta dafa wani ginshiƙi ta ce hayaƙin wannan an riga an fitar da shi tun zamanin kakanni, in an rushe an yi asararsa, sannan a sake fitar da wani. Ta nuna mini rufin da na yi shekaru a ƙarƙashinsa ban taɓa tambayar dalilin siffarsa ba, mai kama da haƙoran zarto. Gefen gilashin yana fuskantar arewa ne don haske ya shigo bai ɗaya ba tare da zafin rana ba, masaƙi ya ga zarensa da kyau. Ɗaya gefen da ke kallon rana kuwa kamar don farantan sola aka yi shi. A ranar na fara ganin ginin da wani ido.

Bayan wata biyu ta shimfiɗa mini babbar taswira a kan tsohon teburin gadi, tana murna. Nan zauren taro, nan wurin baje koli, nan lambu. Sai na ga wani shuɗin zagaye a bayan marina. Na ce wannan fa? Ta ce tafki ne, rarar ruwan saman da ya sauko daga rufi zai taru a nan ya riƙa tsuma cikin ƙasa a hankali. An yi gwajin ƙasa a wurare da dama, ta ce, amma inda takardu suka nuna an taɓa ajiye mai da sinadarai aka haƙa. Wannan filin babu shi a kowace takarda.

Kwana uku ban yi barci ba. Cikin mu biyar da muka mirgina gangunan, biyu sun rasu, biyu ban san inda suke ba, shugaban namu ma ya daɗe da rasuwa. In na yi shiru babu mai tona ni. In na yi magana, ina iya rasa gadin da nake ci da shi, ina iya tsintar kaina gaban hukuma, kuma sunan da na rage da shi a unguwa ya zube. Na yi ta ba kaina uzuri: umarni aka ba ni, shekara 20 ta wuce, wataƙila ƙasa ta cinye komai. Amma na san ganga, na san abin da danshi ke yi wa ƙarfe a shekara 20, kuma na san abin da zai faru in aka tara ruwa a kai ana tura shi ƙasa da gangan. A dare na uku na tashi matata na gaya mata komai. Ta yi shiru har na zaci ba za ta amsa ba. Sannan ta ce, "Malam, shekara 20 kana kwana da wannan kai kaɗai? Mutanen da ke bayan katangar nan fa, ba rijiya suke sha ba?" Na ce rijiya ce. Ta ce, "To gobe ka je ka faɗa. In sun kore ka, keken nan bai mutu ba."

Da safe na sami mai zanen a ɗakin saƙa. Ban iya kallon fuskarta ba, daɓe nake kallo har na gama. Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta kuma ce ba komai ba. Cewa ta yi, "Baba, zo ka nuna mini da ƙafarka." Na tsaya a kusurwar marina na ƙirga taku 30 zuwa gabas, na tsaya. Aka kawo na'urar da ke gano ƙarfe a ƙarƙashin ƙasa, ta tabbatar. Aka sanar da jami'an muhalli, suka zo suka ɗauki bayanina a rubuce, na sa hannu.

Ina tsaye a bayan shinge ranar da aka fara tonowa. Mutane cikin fararen kaya tun daga kai har ƙafa, da abin rufe hanci, suna ɗaga gangunan ɗaya bayan ɗaya. A tunanina ba su wuce 30 ba. Guda 41 aka fitar, fiye da rabi tsatsa ta huda su, wasu ana ɗagawa gindinsu ke zubewa. Ƙasar da ke ƙarƙashi ta rine, shuɗin nan dai da na gani a hasken fitila. Gwaji ya nuna mai da kuromiyam da tagulla. Aka yi ta kwasar ƙasa a motoci masu rufi ana kaiwa inda aka tanada, har ramin ya fi tsayin mutum biyu, aka kuma haƙa ƙananan rijiyoyin gwaji a kewaye don a riƙa bibiyar ruwan ƙarƙashin ƙasa. Sannan aka auna rijiyoyin maƙwabta. Biyu aka rufe.

Aikin ya tsaya wata takwas saboda ni. Na ji labarin ɗaya daga cikin masu kuɗin ya ce da an zuba kankare a wurin an mayar da shi ma'ajiyar motoci da ba wanda ya ji, ya kuma nemi a sallame ni. Sauran ba su yarda ba. Hukuma ba ta gurfanar da ni ba. Amma wata rana wata dattijuwa, mai ɗaya daga cikin rijiyoyin da aka rufe, ta tare ni a bakin get ta ce, "Ɗan nan, an ce har da kai?" Na ce, "Har da ni, Inna." Ta dube ni ta daɗe, ta juya ta tafi. Ba ta zage ni ba, ba ta ce ta yafe ba. An ja musu ruwan famfo daga baya, amma shekarun da ta yi tana shayar da jikokinta daga rijiyar nan ba mai dawo mata da su, kuma ban san ranar da wannan zai bar zuciyata ba.

Da aiki ya ci gaba aka cire ni daga gadi aka haɗa ni da injiniyoyi. A nan na san sunan farin abin da muke ɓamɓarewa da hannu: asbestos. Masu cire shi sai da suka killace wurin da leda, suka jiƙa shi don kada ya tashi, suka zuba a buhu biyu-biyu. An haramta shi a ƙasashen Tarayyar Turai tun 2005, kuma cutarsa takan ɓoye shekara 20 zuwa 40 kafin ta bayyana. Tun daga lokacin duk shekara nake zuwa hoton ƙirji, kuma duk tsohon abokin aikin da na haɗu da shi sai na matsa masa ya je.

Ramukan iskar da na rarrafa a ciki aka wanke aka gyara, yanzu iska ke bi ta cikinsu ta yi sanyi kafin ta shiga zaure, abin da ya rage wa na'urorin sanyaya ɗaki aiki sosai. Tankin marina ya koma ma'ajiyar ruwan sama. Lissafin mai sauƙi ne, ruwan milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne, rufinmu kuwa faɗi gare shi, da shi ake kora banɗakuna ana ba lambu. Bulon katangar da ta faɗi muka kankare da hannu ɗaya-ɗaya aka sake ginawa da shi. Abu ɗaya na roƙa da bakina. Sun so su lulluɓe daɓen ɗakin saƙa da sabon siminti, na ce a bar shi, domin ramukan kusoshin da suka riƙe ƙafafun injina suna nan layi-layi, kowane huɗu injin ɗaya, kowane injin kuma akwai wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a gabansa. Aka goge daɓen aka shafa masa mai ƙyalli, aka bar ramukan.

Yau ni ne shugaban masu gyara a wurin. Muna aiki da ƙa'idar ISO 20121, wadda aka fitar a 2012, shekarar wasannin Olamfik na Landan, don tsara taruka masu ɗorewa. A takarda tana da tsawo, amma a hannuna abin da take nufi shi ne in karanta mitar wuta da ta ruwa kafin taro da bayansa, a auna shara a sikeli a rubuta, a san inda kowane buhu ya tafi. A wuraren baje koli da yawa akan shimfiɗa kafet na kwana uku a naɗe a zubar. Mu ba ma shimfiɗawa, daɓenmu ya isa, kuma rumfunan masu baje koli irin waɗanda ake kwancewa a sake ɗaurawa ne. Da rana ba ma kunna fitila a babban zaure, hasken da aka tanadar wa masaƙa shi ke haska masu taro. Ɗana da ya ajiye karatu ya koyi aikin sola a lokacin ginin, yanzu shi ke hawa rufin, kuma ya fi ni sanin abin da ke can sama.

Ba na son in yi wa kowa kwalliyar magana. Idan mutum ɗari biyar suka hau jirgi suka zo taron kwana biyu, hayaƙin tafiyarsu ya fi duk abin da muka tattala a zaure, domin a yawancin manyan taruka zirga-zirgar mahalarta ce ke ɗaukar kaso mafi girma. Nakan faɗa wa masu shirya taro haka in sun tambaye ni, wasu su ƙara kyamarori don na nesa su shiga ta intanet, wasu su yi murmushi su wuce. Sannan inda mutum dubu biyu ke cin abinci, yau ma'aikatan dindindin ba mu kai 60 ba. Ina son wurin nan, na san da an rushe shi da gangunan suna ƙasa har yanzu, amma bai mayar wa abokaina abin da suka rasa ba, kuma ba na yarda a faɗa a gabana cewa ya mayar. Duk wata uku ni nake raka mai ɗibar ruwa zuwa rijiyoyin gwaji. Ba aikina ba ne, ni na nema. Alƙaluman suna sauka a hankali.

Akwai wanda muka yi layi na bakwai tare, injinansa na kusa da nawa. Tun da maganar ganguna ta fito ya daina amsa gaisuwata. Ya ce na tona asirin matattu don in sami gindin zama wurin masu kuɗi. Na aika masa sau biyu ya zo ya ga wurin, bai zo ba. Watannin baya ana tsakiyar wani taro, zaure cike, wani na jawabi a makirfo kowa ya yi tsit, sai na hango shi a bakin ƙofar baya, ya rame, yana dogara sanda. Mai tsaron ƙofa ya dube ni, na yi masa alama ya bar shi. Ya bi gefen bango a hankali, idonsa a ƙasa yana ƙirga ramuka, har ya tsaya a bayan kujerun ƙarshe. Tsakaninmu ya kai taku 40, ga jama'a, ba halin ɗaga murya. Ya ɗago ya dube ni, leɓensa ya motsa ba sauti, yadda muka saba: "Nan ne nawa?"

Na dubi ginshiƙin da ke kusa da shi, na ƙirga. Na amsa masa da leɓe: "Matsa gaba, taku biyu."

Ya matsa, ya sa ƙasan sandarsa a cikin ramin, ya tsaya a wurin har aka gama jawabin.